Buguwa A Kai: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin A Isa Asibiti

 

Duk macen da ta raini yaro ta san ƙarar nan mai tsinka zuciya: ƙum! Sai ihu ya biyo baya. Ko dai jariri ya mirgino daga kan gado, ko mai tatata ya rikito daga matakala, ko ɗan makaranta ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko kuma an yi masa rotse da dutse wajen wasa. Manya ma ba su tsira ba. Ga maigida a kan babur, ga kaka a santsin banɗaki, ga mu kanmu a cikin adaidaita sahu.

Cikin ikon Allah mafi yawan irin wannan buguwa tana zuwa da sauƙi, a yi kuka, ƙululu ya fito, bayan kwana biyu a manta. Amma akwai 'yan kaɗan daga ciki waɗanda suke tafiya da rai, ko su bar mutum da nakasa, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa ba su ne masu yawan jini ko babban kumburi ba. Abin da idonki yake gani a waje ba shi ne ma'aunin abin da ke faruwa a cikin kai ba. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe, sauran bayanin duk a kansa zai ginu.

Yadda aka gina kan ɗan Adam

Kafin mu zo kan taimakon gaggawa, ya kamata ki san abin da kike ƙoƙarin karewa. Allah cikin hikimarsa Ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da kariya hawa-hawa.

Hawa na farko shi ne fatar kai. Tana cike da ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa ɗan yankan da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba zai iya jiƙa riga sharkaf. Yawan jinin rotse yana firgitarwa, amma shi kaɗai ba ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Hawa na biyu shi ne ƙoƙon kai, wanda ƙasusuwa 8 ne suka haɗu suka yi shi. A wajen babba sun manne da juna gam. A wajen jariri ba su gama haɗuwa ba, shi ne muke ganin maɗiga tana bugawa a tsakiyar kansa, kuma takan rufe ne galibi tsakanin shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi. Kaurin ƙoƙon kai ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wuri mafi rauni shi ne gefen kai, tsakanin ƙarshen gira da saman kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma daidai ƙarƙashinsa wata jijiyar jini mai ƙarfin bugu take wucewa. Ki riƙe wannan wuri, za mu dawo kansa.

Hawa na uku tantani ne guda uku. Na waje mai kauri ne kamar fata, yana manne da ƙashi. Na tsakiya shara-shara ne kamar saƙar gizo-gizo. Na ciki kuwa ya lafe a jikin ƙwaƙwalwar yana bin duk lunguna da saƙo-saƙonta. Tsakanin na biyu da na uku akwai wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 idan an haɗa da wanda ke kewaye da laka, wato bai kai rabin kwalbar lemo ba. A cikinsa ƙwaƙwalwa take iyo.

Ita kanta ƙwaƙwalwar, nauyinta a wajen babba kilo 1.3 ne zuwa 1.4, taushinta kuwa kusan kamar na awara. Ki ƙaddara kin saka curin awara a cikin langa mai ruwa kin rufe. Idan kika ɗauka a hankali babu abin da zai same shi. Idan kika buga langar da bango, awaran zai daki gefen da aka buga, ya dawo ya daki ɗaya gefen. Haka ƙwaƙwalwa take yi, shi ya sa mutum zai bugu a goshi amma rauni ya fito ta wajen ƙeya.

Duk da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, ƙwaƙwalwa tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan numfashi ya tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

Kowane sashe da aikinsa

Babban ɓangaren ƙwaƙwalwa, wanda ya cika saman kai, ya rabu gida biyu, dama da hagu, kuma aikinsu a gicciye yake. Ɓangaren hagu shi ke sarrafa hannu da ƙafar dama, na dama kuma yana sarrafa na hagu. A wajen yawancin mutane cibiyar magana tana hagu.

Sashen da ke bayan goshi shi ne mazaunin tunani, tsara al'amura, kunya da kame kai. Sassan da ke gefe, kusa da kunnuwa, suna kula da ji, da fahimtar magana, da ajiye abin da aka haddace. Na saman kai yana karɓar saƙon taɓawa da zafi da sanyi. Na ƙeya kuwa shi ke fassara abin da ido ya gani, shi ya sa wanda ya bugu a ƙeya yake cewa ya ga wuta ko taurari.

A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita tafiya da tsayuwa. Idan ta taɓu sai mutum ya riƙa tangaɗi. Daga nan sai tushen ƙwaƙwalwa, wanda ya sauka ta wata ƙofa a ƙasan ƙoƙon kai ya haɗe da lakar da ke cikin ƙashin wuya da na baya. Ɗan ƙaramin wuri ne, amma shi ke riƙe da numfashi, da bugun zuciya, da farkawa daga barci.

Likitoci sun daɗe da gane cewa halin mutum ma yana da mazauni a cikin kai. A shekarar 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana cusa albarushi a cikin dutse sai ya tashi, sandar ƙarfen da ke hannunsa ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta saman kai. Bai mutu ba, ya ƙara shekara kusan 12 a duniya, amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai zage-zage da rashin haƙuri. Sashen bayan goshi ne ya lalace.

Akwatin da ba ya buɗewa

Idan ƙafarki ta bugu ta kumbura, fata tana miƙewa ta ba kumburin wuri. Ƙoƙon kai ba ya miƙewa. Akwati ne rufaffe da ya riga ya cika da abu uku: ƙwaƙwalwa, jini da ruwa. Duk abin da ya ƙaru a ciki, ko jinin da ya tsiyaya ko kumburi, sai dai ya matse ƙwaƙwalwa. Idan matsin ya yi yawa, sai ya tura ta ƙasa ta danne tushen nan mai riƙe da numfashi. A nan ne ake rasa rai.

Raunin kai iri-iri ne. Mafi yawa shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, inda mutum zai ɗan ruɗe, ya ji jiri da ciwon kai, wataƙila ya manta abin da ya faru, amma babu abin da ya fashe a ciki. Ba dole sai an suma ba, yawancin masu ita ma ba sa suma. Akwai tsagewar ƙoƙon kai ko lotsawarsa. Akwai ƙujewar ita ƙwaƙwalwar. Sai kuma taruwar jini, ko dai tsakanin ƙashi da tantanin waje, ko a ƙarƙashin tantanin.

Taruwar jini ita ce mai yaudara. Idan gefen kai ya tsage ya yanki jijiyar nan da na ce ki riƙe, mutum yana iya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, ko ma kada ya suma sam. Zai tashi, ya yi magana, ya ci abinci, kowa ya ce alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Alhali jini yana taruwa a ciki kaɗan-kaɗan. Bayan awa ɗaya ko 'yan awoyi sai ciwon kai mai tsanani, sai amai, sai barci mai nauyi da ba a iya tashinsa.

Haka ta faru da wata fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Richardson, a watan Maris na 2009. Ta faɗi a wajen koyon wasan zamiya a kan ƙanƙara a ƙasar Kanada, ta tashi tana magana lafiya lau, har ta ce ba ta bukatar likita. Ba a jima ba ciwon kai ya taso mata. Bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45, bincike kuma ya nuna jini ne ya taru tsakanin ƙashi da tantani. Mace ce mai hali, a ƙasar da asibitoci suka wadata. Lokaci ne ya ƙwace. Irin wannan taruwar jini, idan aka kwashe shi da wuri, mafi yawan masu shi suna warkewa sarai.

Mintunan farko

Idan abin ya faru a gabanki, ki ambaci Allah, ki natsu, domin ruɗewarki ba za ta amfani kowa ba. Sannan ki bi waɗannan matakai.

Na farko, kada ki yi wuf ki sure shi. Duk buguwar da ta kai ta sumar da mutum tana iya karya ƙashin wuya, kuma ɗagawar garaje tana iya tsinka laka, mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Idan ya faɗo daga sama, ko mota ko babur ya buge shi, ko yana kukan ciwon wuya, ki durƙusa ta wajen kansa ki riƙe shi da tafukanki biyu ta gefen kunnuwa, kai da wuya da ƙirji su zauna a layi ɗaya. Ba a gusar da shi sai in wurin da kansa haɗari ne, kamar tsakiyar titi ko kusa da wuta.

Na biyu, ki kira sunansa da ƙarfi, ki dafa kafaɗarsa. Ki lura da matakin da yake: idonsa biyu yana magana daidai, ko sai an kira shi yake buɗe ido, ko sai an mintsine shi yake motsi, ko ba ya motsi sam. Ki duba agogo ki riƙe lokacin, likita zai tambaye ki.

Na uku, numfashi. Ki dubi ƙirjinsa, ki kara kuncinki kusa da hancinsa. Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, babban haɗarin shi ne harshe ya koma baya, ko amai da jini su toshe maƙogwaro. Idan ya fara amai ko kina jin ƙarar ruwa a maƙogwaronsa, a juya shi ya kwanta ta gefe, amma gaba ɗayansa kamar ana mirgina gungume: ke kina riƙe da kai, mutum biyu suna juya kafaɗa da ƙugu lokaci guda. Idan babu numfashi sam, a kwantar da shi rigingine a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Wannan aiki ne da ya kamata kowace uwa ta nemi ma'aikaciyar jinya ko 'yan agaji su koya mata a aikace.

Na huɗu, jini. Ki ninke tsumma mai tsabta, ko ɗankwali wankakke, ki danne wurin minti 10 ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba. Idan ya jiƙe ki ɗora wani a kai. Amma idan kin ji wurin ya lotsa ko ƙashi yana motsi, kada ki danna tsakiya, ki rufe kawai ki danne gefe-gefe. Idan wani abu ya cake a kai, ƙusa ko ƙarfe ko kwalba, kada a zare, a tallafe shi da tsumma ta kowane gefe a tafi da shi haka.

Na biyar, neman taimako. Ki sa wani takamaimai ya kira mota, kada ki bar shi ga jama'a, don kowa zai ɗauka wani ya kira. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112 a wuraren da take aiki, ta jami'an kiyaye haɗurra kuwa 122. Idan ku za ku ɗauke shi da kanku, a samo faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa a kwantar da shi a kai, a tokare kan da naɗaɗɗun zannuwa dama da hagu. Sumamme ba a naɗe shi a kan babur, ba a kuma ɗaukarsa ɗaya ya kama hannu ɗaya ya kama ƙafa kai yana reto.

Abubuwan da muka saba yi, waɗanda suke ƙara ɓarna

Mun gaji wasu ɗabi'u da ake yi da kyakkyawar niyya, amma cutarwarsu ta fi amfaninsu.

Ɗura wa sumamme ruwa, ko madara, ko rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhu zai wuce. Ko wanda yake a farke, in dai za a kai shi asibiti a dakata da ci da sha, saboda wataƙila a bukaci yi masa aiki. Addu'a da tofi ba sa bukatar a buɗe bakin kowa, ki yi su kuna kan hanya.

Jijjiga shi, ko marinsa, ko sheƙa masa bokitin ruwa don ya farfaɗo. Duk suna motsa wuya.

Cusa cokali ko yatsa a baki idan yana jijjiga. Ba ya haɗiye harshensa. Ki kawar da abin da zai buge shi, ki tallafi kansa, idan ta lafa a juya shi ta gefe.

Zuba toka, ƙasa, garin taba ko man birki a kan rotse. Suna shigar da ƙwayoyin cuta, har da tetanus mai sandarar da jiki.

Toshe kunne ko hanci da auduga idan jini ko wani farin ruwa yana fitowa. Wannan yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa ne ya samu hanya saboda ƙasan ƙoƙon kai ya tsage. A ɗora tsumma mai tsabta sama-sama a bar shi ya fita.

Murza ƙululu da ƙarfi ko gasa shi da ruwan zafi. Abin da ake so shi ne sanyi: ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a naɗe cikin tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20.

Fizge hular kwano daga kan wanda ya faɗi da babur. A bar ta sai in ta hana shi numfashi.

Alamomin da ba a jira da su

Ko da wanda ya bugu ya tashi da ƙafarsa, a tafi asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ya suma, ko na ɗan lokaci ne. Ya manta abin da ya faru, ko yana maimaita tambaya ɗaya. Amai fiye da sau ɗaya. Ciwon kai da ke ƙaruwa. Barcin da ya wuce misali, ko wahalar tashinsa. Jijjiga. Magana ta karkace, ko tangaɗi, ko hannu ko ƙafa sun yi sanyi. Gani biyu-biyu ko dishi-dishi. Baƙin ɗigon tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Jini ko ruwa daga kunne, ko farin ruwa daga hanci. Baƙi ya kewaye idanu kamar an rambaɗa kwalli, ko ya fito a bayan kunne. Faɗowa daga wurin da ya wuce mita ɗaya ko matakala 5, ko bugun mota ko babur.

Jariri ba zai ce miki kansa yana ciwo ba, don haka ki lura da kukan da ba ya rarrasuwa, ƙin kama nono, yin laƙwas, ko maɗiga ta taso ta yi tauri alhali ba kuka yake ba. Wanda bai kai shekara ba kuma yana da kumburi ko yanka babba a kai, musamman a gefe ko ƙeya, likita ya kamata ya gan shi ko da yana wasa.

A nan akwai maganar da ya kamata ki yi da maigida tun yau. Mata da yawa sukan zauna da yaro yana amai suna jiran maigida ya dawo daga kasuwa, ko wayarsa ta shiga, kafin su fita. Ceton rai larura ce, kuma addininmu ya san larura. Ku yi magana cikin natsuwa ya ba ki izini tun yanzu cewa duk ranar da irin haka ta faru ki wuce asibiti, ya same ku a can. Ki kuma ware wani abu daga kuɗin adashi ki ajiye saboda irin wannan rana. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Abin da za ki tarar a asibiti

Likita zai fara da numfashi da hawan jini, domin ƙarancin iska da faɗuwar jini su ne suke ƙara lalata ƙwaƙwalwar da ta riga ta bugu. Sannan zai auna zurfin suma da wani ma'auni da likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a birnin Gilasgo a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Idan kin ji ma'aikata suna faɗin lamba suna sake dubawa bayan ɗan lokaci, wannan suke bi, kuma saukar lambar ita ce abin tsoro.

Ki faɗa musu ƙarfe nawa abin ya faru, daga ina ya faɗo, ya suma ko bai suma ba, sau nawa ya yi amai, da magungunan da yake sha. Kada ki ɓoye komai don tsoron faɗa.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ke cikin kai. Wanda yake nunawa shi ne hoton siti, na'urar da aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971. Yana da tsada, kuma ba kowane yaro ne yake bukatarsa ba, wani sa ido na 'yan awoyi ya ishe shi. Amma idan likita ya ce a yi, ko ya tura ku babban asibiti, kada a tsaya shawara har gari ya waye. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ƙasa na Abuja, duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Ki kuma sani cewa dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa.

Wani dalilin hanzari kuma shi ne allurar tiranezamik, wadda ake yi wa mai jego idan jini ya ɓalle. Wani babban bincike da aka fitar a 2019, a kan majinyata sama da 12,000 a ƙasashe 29, ya nuna tana rage mutuwa ga masu raunin kai mai sauƙi da matsakaici idan aka yi ta cikin awa 3 na farko, kuma gwargwadon saurin yin ta gwargwadon amfaninta.

Idan aka ce sai an buɗe kai, dangi sukan firgita su ƙi sa hannu. Aikin nan ba sabo ba ne. Likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajajen 1013, ya yi bayanin yadda ake aikin karayar ƙoƙon kai da kayan da ake yin sa a cikin littafinsa At-Tasrif. Abin da ake yi shi ne a buɗe wa jinin da ya taru hanya, ƙwaƙwalwa ta samu sarari. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Idan an dawo gida

Awa 24 zuwa 48 na farko, kada a bar shi shi kaɗai, babba mai hankali ya zauna tare da shi. Ba sai an hana shi barci ba, barci hutu ne ga ƙwaƙwalwa. Abin da ake so shi ne ki riƙa leƙa shi, ki ga numfashinsa daidai, a daren farko kuma ki ɗan tashe shi sau ɗaya ko biyu ki tabbatar ya gane ki. Don ciwon kai a ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa. A guji asfirin saboda yana tsinka jini, a guji maganin barci da duk wani mai sa maye, don suna ɓoye alamomin da kike sa ido a kansu.

Ya huta kwana ɗaya ko biyu, a rage masa waya da talabijin, sannan ya koma harkokinsa sannu a hankali. Ƙwallo da dambe da hawan keke su dakata sai ciwon kai da jiri sun tafi gaba ɗaya kuma likita ya yarda, domin buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke tana da haɗari ƙwarai. Ki sanar da malamansa na boko da na Islamiyya. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta girgiza yana iya yin makonni hadda tana yi masa wuya, ba lalaci ba ne, kuma bulala ba za ta gyara ba.

Tsofaffi kuwa nasu daban ne. Da shekaru ƙwaƙwalwa tana ɗan tsukewa, ƙananan jijiyoyin da ke tsakaninta da tantani su miƙe su yi saurin tsinkewa. Kaka tana iya ɗan bugun kai da ƙofa, kowa ya manta, sai bayan makonni a ga ta fara ruɗewa, tana yawan barci, tana jan ƙafa. Sai a ce tsufa ne, ko shanyewar ɓarin jiki, ko an yi mata sammu. Alhali jini ne ya taru a hankali, kuma ƙaramin aiki yana iya dawo da ita hayyacinta. Duk wanda yake shan maganin tsinka jini, ko yaya ya bugu a kai, a kai shi asibiti.

Haka nan duk wanda halinsa ya canza bayan haɗari, ya koma mai saurin fushi, ko mantuwa, ko sakin baki, kafin a ce iskokai ne a tuna da sashen nan na bayan goshi, a mayar da shi wurin likita. Yana bukatar haƙurinmu, ba tsangwama ba.

Rigakafi ya fi magani

Kada a bar jariri shi kaɗai a kan gado ko kujera, ko da bai fara juyi ba, ranar da zai fara ba ya sallama. Shimfiɗa a ƙasa ta fi aminci. A sa ƙyaure a bakin matakala, a rufe rijiya, a kula da santsin banɗaki saboda tsofaffi da masu ciki. Kada a goya wa ƙaramar yarinya jaririn da ya fi ƙarfinta.

Kada a taɓa jijjiga jariri don ya yi shiru, ko a riƙa cilla shi sama da sunan wasa. Kansa yana da nauyi, wuyansa ba ƙwari, jijjiga ta 'yan daƙiƙoƙi tana iya tsinka jijiyoyin cikin kansa ta bar shi da makanta ko farfaɗiya. Idan kuka ya ishe ki, ki kwantar da shi wuri mai aminci ki fita tsakar gida ki sha iska. Ki gaya wa 'yar aiki da yayyensa haka. Ranƙwashi, da mari, da gwara kan yaro da bango ba tarbiyya ba ce, shari'a ma ta hana dukan fuska. Wannan ya shafi iyaye, ya shafi mu malamai.

Sai hular kwano. Lokacin da aka fara tilasta sa ta a Nijeriya a watan Janairun 2009, an ga masu babur suna kifa ƙwarya a kai don kauce wa kamu, aka mayar da abin raha. Amma nazarin da masana suka tattara a 2008 ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Idan maigida ko ɗanki yana hawa babur, ki lallaɓa shi da irin hikimarki ta mata har ya saya ya riƙa sawa, ya kuma ɗaure igiyarta, don wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi. A cikin mota kuma, jariri a cinyar uwa a kujerar gaba shi ne farkon wanda zai daki gilashi idan aka taka birki. Yara baya ya kamata su zauna.

'Yar'uwa, ki karanta wa abokiyar zamanki da maƙwabciyarki wannan shafi, ki kwafe alamomin nan ki manna a bangon ɗaki inda kowa zai gani. Allah Ya tsare mana zuri'armu daga tsautsayi da asara, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.